Ka ce me masu zane ke rubutawa a kan aikinsu?

Kai yaro, tambayar nan taka wai idan mai zane ya zauna rubuta labarin kansa me yake cewa a kan zanensa, ai ka fama min tsohon miki.

Wanda ya san aiki kala yake faɗa maka. Dubi Van Gogh, mai zanen nan ɗan ƙasar Holland, a 1888 yana Arles a Faransa ya rubuta wa ƙaninsa Theo wasiƙa a kan zanen ɗakin kwanansa, ya ce bango shunayya mai haske, gado da kujeru rawaya, bargo ja, kuma so yake mai kallo ya ji hutu. Yau ka kalli zanen bangon shuɗi ne, don jan da ke cikin haɗin ya koɗe, ba don wasiƙar ba wa zai gaya maka? Su Delacroix, mai zane ɗan Faransa, ma haka, har shekarar da ya mutu 1863 yana cika littafi da zancen kala da inuwa. Ku kuwa ƴan yanzu sai a ɗau hoto a waya a rubuta "wannan ruhina ne", ruhin me, ko burushi ba ka iya wankewa ba.

Ni ma ina da irin littafin nan, duk haɗin da na yi yana ciki, har da ɗigon fentin a gefen shafi da yatsa. Wani dillalin zane ya zo da babbar mota da daɗin baki, ranka ya daɗe, maigida, wai zai kai aikina baje koli kuma masu saye suna son su ji mai zanen da bakinsa, in ara masa littafin a kwafa. Ya kwashi zanuka ya haɗa da littafin. Daga baya takardar baje kolin ta zo hannuna, maganata ce tiryan-tiryan amma an sa ta ƙarƙashin zanen wani yaronsa! Kuɗi bai biya ba, waya ya daina ɗauka, wlh kuɗin ma bai dame ni kamar shafi ɗaya ba, inda na rubuta haɗin inuwar baƙar fata, wani shuɗi da ƙasa-ƙasa da ke sa kumatu su yi rai. Har gobe in na haɗa sai ya fito kamar toka. Allah ya isa.

Yadda ake fara rubutun kuma kar ka tambaye ni, biro ne da takarda. Rubuta me ka haɗa, me ka sa kusa da me, hasken safe ne ko na yamma. Kuma ko ni na ce ara min, ka ce ya ɓata.