Fayiloli sun koma shotkot bayan an sa filas

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka kai filas ɗinka wurin buga takardu kwamfutarka ta yi nauyi, fayiloli sun koma shotkot (alamar da ke kai ka ga fayil, ba fayil ɗin kansa ba), kana tambayar wane irin bairos ne.

Alamun sun fi kama da tsutsar kwamfuta, mai yaɗa kanta ta filas. Yawanci ba ta goge fayiloli, ɓoye su take yi ta bar shotkot a gurbinsu, da ka danna sai ta kama na'urarka. Kada ka yi gaggawar fomat, wato goge duk abin da ke cikin filas ɗin. Na ga ɗalibai sun rasa aikin shekara guda a haka. Fara bincika filas ɗin da Microsoft Defender, manhajar tsaro da ke zuwa da Windows, sannan ka bayyana ɓoyayyun fayiloli.

Akwai waɗanda suka fi ta sharri. Tirojan yakan ɓuya cikin manhajojin da aka fasa ake rabawa kyauta, ya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Manhajar leƙen asiri tana naɗe duk abin da ka rubuta, har lambar sirrin banki. Wadda ta fi tayar min da hankali ita ce mai garkuwa da fayiloli ta nemi kuɗin fansa. A watan Mayun 2017 wata irinta mai suna WannaCry ta afka wa ƙasashe kusan 150, har asibitocin Birtaniya suka dinga soke ganin marasa lafiya, alhali tun Maris Microsoft ta toshe kafar da take bi ta shiga Windows, mutane ne ba su sabunta kwamfutocinsu ba.

In ka ga saƙon neman kuɗi, katse intanet nan take, kada ka biya, ka kai wa ƙwararre. In kuma ka taɓa shiga asusunka na banki da kwamfutar, canza lambar sirri daga wata na'urar, ka sanar da bankinka.