Taubashi, ga amsar tambayarka daga zangon Kumasi

Saƙonka ya iso, kuma sai da na saurare shi sau uku, don a na farko dariya ta hana ni ji. Wai kana so ka san irin kiɗan da muke ji a nan, "ko dai sai na mutanen kurmi". Na san ka sarai. Ba kiɗa ne ya dame ka ba, so kake ka auna ko da sauran Hausa a jikinmu, tunda ka rufe da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To gyara zama.

Waƙoƙi uku ne suka riƙe ni tun bayan ƙaramar Sallah. Ta farko ta bege ce, wani sha'iri na Kano, mandiri ne kawai da 'yan amshi, babu fiyano. Ita nake sakawa da sassafe in ina jera shadda da huluna a shago a Aboabo, kafin masu pragya su cika titi da hayaniya, wato abin da ku kuke ce wa a-daidaita-sahu. Ta biyu ta soyayya ce irin ta 'yan fim. Babbar 'yata ce ta tura min ita a waya, a gabanta nakan ce shirme ne, in ta fita in maimaita. Ta ukun ce za ka yi wa tsaki: tsohuwar hayilaif ce ta Tonawa, wato Ashanti, jita da ƙaho, wadda surukata take so. Ranar Lahadi in muka kai mata yara ita ke tashi a tsakar gidanta, ana dakan sakwara, taɓarya na bin kiɗan. Ban ga abin ɓoyewa ba.

Amma kada ka ɗauka a nan muka fara. Da kaset ɗin Shata aka raine ni. Baba yana da akwatin ƙarfe guda cike da su, direbobin goro ke kawo masa daga Kano, kuma ba wanda ya isa ya taɓa. Ranar da labarin rasuwar Shata ya zo a 1999, Baba bai buɗe shago ba. Tabarma ya shimfiɗa a ƙofar gida, dattawan layinmu suna zuwa suna yi masa gaisuwa kamar ɗan'uwansa ne ya rasu. A rediyo muka ji, sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a watan Maris na 1957, watan da Gana ta sami 'yancin kai. Baba yakan ce tagwaye ne. Gidan rediyon gwamnatin Gana ma yana da shirin Hausa tun da daɗewa, in ba ka sani ba.

Bara da babbar Sallah aka kawo mana wani mawaƙi daga Kano. Ba zan faɗi sunansa ba, don abin da ya faru ba na yabo ba ne. Na yanki tikiti uku, ni da maiɗakina da 'yata. An ce bayan isha'i, bai hau dandamali ba sai wajen ƙarfe ɗaya na dare. Fili ya cika maƙil, mata sun sha gwaggwaro, samari kowa da sabuwar shadda, rabinta daga shagona. Da ya fito aka ɗauki ihu, ana ta liƙa masa sidi, kuɗinmu na Gana. Can ana tsakiyar waƙa ta uku sai aka ɗauke wuta, abin da muke kira dumso a nan, kashe-kunna ke nan da Tonanci. Kiɗa ya ɗauke, murya ma ta ɗauke, ga bawan Allah yana ta motsa baki a hasken wayoyi. Ashe tun farko faifai ne ke yi, shi rakiya kawai yake.

Na zaci za a yi jifa. Sai wasu 'yan mata a gaba suka ɗauki waƙar daga inda ta tsaya, fili duka ya amsa, ba a bar baiti ko ɗaya ba har aka tayar da janareta. Da Hausarmu ta zango fa, wadda kake yi wa dariya. E, gaskiya ne, mu mace ma "ya zo" muke ce mata, ƙafa kuma "kafa" ce, ɗaki "daki". Saboda haka waƙar da aka yi wa budurwa sai ta koma kamar ta ƙato. Mawaƙin kansa sai da ya dafa gwiwa yana dariya. Ni kuwa tsigar jikina ce ta tashi. Yaran nan akasarinsu ko iyakar Aflawo, ta Gana da Togo, ba su taɓa tsallakawa ba, a cikinsu akwai jikokin Mosawa da Dagomba da Zabarmawa da Wangarawa, amma Hausa ce ta haɗa bakinsu.

Yanzu bari in juyo kanka. Ka tuna zuwana bikin ƙaninka, da kaka, an gama yankan gero ana kaɗe riɗi? Kwana uku na yi a mota, iyaka uku na tsallaka, duk hanya ina cika wa maiɗakina baki cewa za ta ga kiɗan Hausa na asali. Me muka tarar? DJ aka ɗauko daga Ringim da lasifika huɗu a bayan kurkura, yana sakin waƙoƙin da suke cikin wayar 'yata, har da waccan da matan aure suka yi ta rawa da ita gaban mazajensu lokacin kullen korona a 2020. Shi kuwa tsohon makaɗin garinku yana can gindin tsamiya a bayan masallaci, kalangu a hammata, ba wanda ya ce masa sannu. Kai da bakinka ka ce min, "Rabu da shi, zamaninsa ya wuce."

Ban rabu da shi ba. Na je na tsuguna na gaishe shi, na faɗi sunan Kaka. Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Wanda ya tafi Gwanja?" Na ce shi. Sai ya gyara tsarkiya, ya matse kalangun, ya fara. Ya kira uban Kaka, ya kira kakansa, ya faɗi gonarsu ta bakin fadama, ya faɗi ranar da aka raka shi tashar jirgin ƙasa ta Ringim uwarsa na kuka. Ya ce daga bakin ubansa ya ɗauka, don ubansa ne ya yi wa Kaka kiɗan sallama. Haƙori biyu suka rage masa a gaba, murya ta dushe, amma hannun yana nan. Duk nairar da ke aljihuna na juye masa, ka yi ta yi min tsiya wai Bagane ya ga banza. Mu a gida mun san Kaka bai riski zamanin ayarin jakuna zuwa Salaga ba, jirgi ya hau zuwa Ikko, daga can ya bi ruwa. Amma a garinku har yau Gwanja ya tafi, kuma haka na fi so a faɗa.

Sai zancen aure, wanda ka lallaɓo ka saka a ƙarshen saƙo kamar ba shi ne ya kawo ka ba. E, muna auren 'yan ƙasa. Kaka 'yar Dagomba ya aura, ita ce ta haifi Baba da Goggo, wato uwarka, saboda haka in jini ya gauraya to har da naka. Maiɗakina Batoniya ce, ta musulunta tun kafin mu haɗu, ta sauke a hannun wata malama a Asawase. Abin da ya yi min ciwo a garinku, kuma ban faɗa ba sai yau, shi ne matan gidanku da suka kewaye ta suna leƙen yadda za ta yi alwala. Ta lura, ta yi shiru. A mota ta ce min, "Sun ga na wanke kunne kuwa?" Sai ta yi dariya, ni na kasa.

Su Tonawa ta wajen uwa suke lissafa dangi, ɗa na dangin uwarsa ne, kawu ne mai faɗa a ji. Mu kuma ta wajen uba. Ka ga 'ya'yana kowane ɓangare cewa yake nasa ne. Ranar suna sai da kawun maiɗakina ya zo da tawaga sun yafa zane, liman na raɗa suna, wanzami na jiran aski, su kuma suna kiran jaririn da sunan ranar da aka haife shi. Aka ci tuwo aka ci sakwara, kowa ya tafi da sunan da ya zo da shi. Inda ake samun rikici shi ne rabon gado, wannan kam ba na musu, na ga gidajen da suka watse a kansa.

Batun addini ba sai na ja ba. Tafsiri da azumi da Hausa ake yi a masallatan zango. Babban Limamin ƙasar nan, Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, haifaffen Accra ne a 1919, kuma da Hausa yake wa'azi. Sarkin zangonmu in zai je gaisuwa fadar Manhyia, wato fadar Sarkin Tonawa, da algaita da ganguna yake tafiya.

Inda zan sallama maka guda ne. Ɗana na biyu ba ruwansa da kalangu. Asaka yake ji, kiɗan samarin Kumasi da ya tashi wajen 2020, sai wani yaro ɗan zangon Konongo da duk Gana ke ji da shi. In na yi masa magana da Hausa ya amsa da Tonanci, in na matsa ya haɗa da Turanci. Na taɓa sa masa kaset ɗin Baba, ya saurara minti biyu ya ce, "Yaushe za a fara waƙar?" Wannan yana hana ni barci wani lokaci. Sai dai na ga naka yaran ma, da aski rabi da rabi da waya a kunne, ban ji suna yi wa kowa kirari ba.

Kuma kafin ka sake ce min Bagane, je ka tambayi Goggo. Shekararta 14 lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, a ƙarshen 1969. Kaka ya sa ta a motar goro tare da ƙaninsa, shi ya shige ƙauyen da yake sayen goro ya lafe har ƙura ta kwanta. Ta iso garinku ba ta iya surfe ba, ana ce mata 'yar Gana har ta yi jikoki. Da na zo, da daddare ta kira ni ɗakinta, ta tambaye ni ko bishiyar mangwaron ƙofar gidanmu tana nan. Na ce an sare, an yi shaguna. Ta yi shiru, sannan ta rera min waƙar reno da Tonanci, ba ta manta ko kalma ɗaya ba. Ta ce da ita ta goye ku duka.

Bikin 'yata bayan babbar Sallah ne in Allah ya kai mu. Zan turo kuɗi ta hannun yaron da ke yi min sari a Kantin Kwari. Ka je wurin tsohon nan in yana da rai, ka kai shi inda ba iska ba kukan awaki, ya maimaita kiɗan Kaka tun daga farko, ka ɗauka a waya ka turo min. Shi za a saka lokacin fitar amarya. Kuɗin nasa ne, ban ce ka sayi taki da su ba. A gaida Goggo, a ce mata goronta na hanya, fari, irin wanda take so.