Hukuncin Bin Salsala da Da'awar Sharifantaka

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta malam. Bayan rasuwar kakanmu mun tarar da wata tsohuwar takarda a gafakarsa, an jera sunayen kakanni har zuwa Sayyidina Hasan. Baffanmu ya ce mu Sharifai ne, mu fara sa "Sharif" gaban sunanmu, alhali ba a taɓa kiranmu haka a garinmu ba. Ƙanena kuma yana son aika yawunsa Turai a yi gwajin ƙwayoyin halitta. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan kakanku.

Neman sanin asali abu ne mai kyau. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya ce mu koyi abin da za mu sada zumunci da shi daga nasabarmu. Sayyidina Abubakar ma ya fi kowa sanin nasabar Ƙuraishawa. Gwargwadon sanin nasabar da rabon gado da sanin muharramai da waliccin aure suka rataya a kansa wajibi ne. Abin da ya wuce haka halal ne, muddin ba don alfahari ko gorin asali ba, domin waɗannan biyun Muslim ya ruwaito su cikin ɗabi'un jahiliyya.

Amma bincike daban, da'awa daban. Buhari ya ruwaito daga Abu Zarri cewa wanda ya jingina kansa ga wasu mutane alhali ba shi da nasaba a cikinsu, to ya tanadi mazauninsa a wuta. Wannan ga kowace zuriya ke nan, ina ga gidan Annabi (SAW)?

A Shari'a nasaba tana tabbata da shimfiɗar aure, ko iƙirarin uba, ko shaidu adilai, ko shahara, wato mutanen gari sun taso sun ji iyayensu na kiran gidan da wannan nasaba ba tare da wani ya musa ba. Ga kakanni na nesa, shaharar nan ce madogara. Haka Sharifan Kano suke: unguwarsu sananniya ce, ana danganta zamansu da zuwan Shehu Maghili a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ba jiya suka wayi gari da sunan ba. Ku kuwa da bakinka ka ce ba a san ku da shi ba. Shi kansa mai takardar, ta yi shekaru a hannunsa bai kira kansa Sharifi ba, kuma wannan shirun nasa abin lura ne.

Takardar kaɗai ba hujja ba ce. Wa ya rubuta ta, yaushe, su wa suka shaida? Sau da yawa abin da ake samu a gafakar malamai salsalar karatu ce ko ta ɗariƙa, wane ya karɓa daga wane, jikoki su ɗauka ta haihuwa ce. Sannan ku ƙirga sunayen. Sayyidina Hasan ya rasu kusan shekara ta 50 bayan Hijira, kuma masana nasaba kan lissafa kakanni uku a kowace shekara 100, ka ga ana bukatar sunaye wajen 40. Idan taku 15 ce ko 20, akwai giɓi babba.

Kada ka yi mamaki, son danganta asali da Gabas tsohon abu ne a ƙasarmu. Hausawa na da Bayajidda daga Bagadaza, sarakunan Barno na da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman, Toronkawa na ambaton Uƙba, har an saɓa kan wane Uƙba ake nufi. A ba da su a matsayin labarin da aka gada, ba laifi, amma ba a rantsuwa a kansu.

Game da gwajin, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, a zamanta na Makka a 2002 ta hana amfani da shi wajen kore nasabar da ta tabbata, ko sake tantance ta. Ta yarda da shi a wurare kamar cakuɗewar jarirai a asibiti. Wanda ƙaninka ke so iyakarsa ya nuna yankin da ake kyautata zaton kakanni sun fito. Ko ya nuna jinin Larabawa, ba kowane Balarabe ne Bahashime ba, wato ɗan Banu Hashim, dangin Annabi (SAW). Ina ba shi shawarar ya bari, don sakamakon kan jefa zargi a kan iyaye matan da suke kabari, ba su da bakin kare kansu.

Saboda haka bai halatta ku sa "Sharif" a sunanku ba a wannan hali. Ku adana takardar, ku kai wa masu sanin tsofaffin rubuce-rubuce su duba, ku tambayi dattawan garin da kakanku ya taso. Ku gaya wa baffa cikin ladabi, ku kuma tuna masa cewa in nasabar ta tabbata, asalin hukunci shi ne zakka ba ta halatta ga Banu Hashim.

Allah ne mafi sani.