Yadda za ki jera tsirrai masu ajiye ruwa a ƙaramar baranda

'Yar'uwa, kin ce barandarki ƙarama ce, tukwanen tsirranki masu ajiye ruwa a ganye sun cinye wurin har babu hanyar wucewa. Shawarata ita ce ki daina shimfiɗa su a ƙasa, ki hau da su sama. Ki samu kanta mai hawa 3 ko 4 kamar tsani, ki jingina ta da bango. Masu son rana sosai su hau can sama, waɗanda ganyensu ke saurin ƙonewa su zauna a ƙasa inda akwai ɗan inuwa. Amma ki sa faranti ƙarƙashin kowace tukunya, don kada ruwan ta sama ya riƙa ɗiga kan ta ƙasa. Yawan jiƙa ne ke ruɓar da irin waɗannan tsirrai, ba ƙishirwa ba.

Abin da na fi so kuwa shi ne haɗa ƙanana biyar ko shida a kasko ɗaya mai faɗi. Saiwarsu ba ta nisa, zurfin santimita 10 ya ishi yawancinsu. Dogo a baya, gajeru a gaba, mai rarrafe a baki ya zubo. Ki bar kamar santimita 2 tsakaninsu iska ta ratsa, kuma ki haɗa masu buƙatar ruwa iri ɗaya kawai. Alobera dai ki ware mata tukunyarta, domin tana yawan fitar da 'ya'ya, za ta danne sauran.

Kaskon ya zama mai huda a gindi, ƙasar kuma ki gauraya ta da yashi mai tsakuwa. Kada ki ƙara ruwa sai ta bushe ƙamas.