Amsa ga 'yar uwar da ɗiyarta ke ciwon ciki duk ranar komawa makaranta

Salamu alaikum 'yan gida. Tun jiya da daddare na ga tambayar 'yar uwarmu, wadda ta ce yarinyarta 'yar shekara 14 ce tana JSS3 a makarantar kwana, da can surutu kamar aku amma tun da aka canza mata makaranta bara ta koma shiru-shiru, hutu na kusa ƙarewa sai ciwon ciki da kuka, an yi hoto an yi gwajin ulsa ba a ga komai ba, sakamakonta ya yi ƙasa, baban ya ce shagwaɓa ce kakar kuma ta ce a kai ta ruƙiyya. Na bi kwament ɗin kusan duka, wasu sun ce a zane ta, wasu sun ce a cire ta kawai. Ni dai ba likita ba ce, malamar makaranta ce, shekara 16 ina koyarwa, 11 daga ciki a makarantar kwana ta 'yan mata, ku yi haƙuri rubutun zai yi tsawo don abin ya taɓa ni.

'Yar uwa kin ce kin tambaye ta ko ana dukanta ta ce a'a, ko abinci ne ta ce a'a, ko siniyoyi na ƙwace mata kaya ta ce a'a. To wallahi zai iya yiwuwa gaskiya ta faɗa miki. Ba sai an daki yaro ba yake jin makaranta ta fita ransa. Akwai yarinyar da babu mai taɓa ta, amma kuma babu mai nemanta, in ta kwana uku a kilinik ba wanda zai ce ina wance, kuma a abin da na gani wannan ya fi bulala cin rai, don bulala kina iya zuwa gida ki nuna shatinta, wannan kuwa me za ki nuna?

Bari in ba ki labarin wata ɗalibata, ba zan faɗi sunanta ko na makarantar ba. A 2021 aka kawo ta, lokacin da aka rurrufe makarantun kwana da yawa bayan sace ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara da Jangebe, iyaye na ta kwashe 'ya'ya suna neman inda hankalinsu zai kwanta. Daga ɓangaren Sakkwato take, an kawo ta tsakiyar zango na biyu, kowa ya riga ya kama ƙawarsa, an raba gadaje, an raba tebur a dainin. Ranar farko a aji ta ɗaga hannu ta ce Malama ina son in tahi in sha ruwa. Ajin ya fashe da dariya, ni ma Allah ya yafe min sai da na murmusa. Shi ke nan suna ya bi ta, Tahi. Tahi zo nan, Tahi mi kika ce. Yaran ba da mugunta suke yi ba a ganinsu, wasa ne, amma daga ranar yarinyar nan ba ta sake ɗaga hannu a ajina ba.

Ni kuma ina da yara 87 a rajista, lamba nake kira ba suna ba, namba 1 firezan, namba 2 firezan, a haka za a gama. Abin da na lura da shi kawai shi ne duk Litinin tana kilinik da ciwon ciki, matiron ta ba ta Panadol da maganin ulsa ta dawo. Sau biyu na sa ta durƙuso a rana don ba ta zo firef ba, na ce lalaci ne. Sai wata Laraba na bi ta bayan ɗakin gwaje-gwajen kimiyya zan yanke hanya zuwa kwatas, lokacin ana cin abincin rana, na same ta a zaune kan wani bulo ita kaɗai tana shan garin kwaki a kofi, ba suga ba ƙuli, hannunta na rawa da ta gan ni don ta ɗauka duka ne. Na ce me ya hana ki zuwa dainin? Ta ce teburinsu mutum goma ne ita ce ta sha ɗaya, in ta zauna sai kowa ya matsa, kuma in ta yi magana sai a maimaita abin da ta ce. Wata biyu ke nan a nan take cin abinci. Wata biyu, kuma ni fom mistires ɗinta ban sani ba.

Daren nan ban yi barcin kirki ba gaskiya.

Daga baya da na je kwas na malaman ba da shawara ne na gane ashe abin nan an daɗe da yin bincike a kansa. A Amurka akwai wanda aka fitar a 1997 kan ɗalibai sama da 12,000, aka ga yaran da ke jin su 'yan gida ne a makarantarsu, malamai sun damu da su kuma ana musu adalci, sun fi sauran tsira daga ƙuncin zuciya da tunanin kashe kai da shaye-shaye. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Ostireliya a 2006, yara wajen 2,000 'yan shekara 12 zuwa 14, aka bi su shekara guda, sai aka ga wanda ke jin shi bare ne a makaranta bana shi ne ya fi nuna alamun ciwon damuwa baɗi. Wato ba wai damuwar ce kawai ke sa yaro ya ware ba, warewar ma da kanta tana jawo damuwar. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin duk yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 ɗaya na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, ki lissafa a aji mai mutum 87 nawa ke nan. Mu kuwa sai yarinya ta faɗi tana birgima a asambuli sannan muke yarda akwai matsala, shi ma mu ce iska ce.

Kuma don Allah a gaya wa baban ciwon cikin nan ba ƙarya ba ne. Fargaba tana sauka a ciki, ke ma ai kin san yadda cikinki ke ƙugi in an ce ana nemanki a ofis ba ki san dalili ba. To ita kullum a haka take. A shekarun nan na balaga babu abin da yaro ke aunawa kamar yadda sa'anninsa ke kallonsa, mu manya mun manta ne. Ɗan jeka-ka-dawo ko ya sha wuya da yamma zai koma gida inda ake kiransa da sunan da kakarsa ta sa masa, 'yar kwana kuwa aji su ne, hostal su ne, masallaci su ne, layin famfo su ne, wata uku babu inda za ta ajiye kayan.

Abin da na yi wa tawa ɗalibar ba wani abin a zo a gani ba ne. Ban tara aji na yi wa'azi ba, na taɓa gwada haka da wata sai suka koma kiranta 'yar Malama abin ya ƙara lalacewa. Na fara da daina kiran lamba, na koma kiran suna, yana cin minti goma amma na daure. Na je wurin malamin dainin aka canza mata tebur zuwa na wata siniya mai hankali 'yar SS2 da na roƙa a asirce ta riƙe ta kamar ƙanwa. Sai kuma Allah ya kawo mafita ta inda ban zata ba, wata Asabar ina zagayen duba tsafta na ga kitson da ke kanta, shuku ne ƙanana tsaf kamar da rula aka ja, na ce wa ya miki? Ta ce ita ta yi wa kanta da madubi biyu. Na cire ɗankwalina a gaban 'yan ɗakin na zauna a bakin gadonta na ce to yi min. Ku zo ku ga ido. Asabar ta gaba layi ake yi a gabanta har da firfet, kuma kin san kitso, mutum ba ya zama awa ɗaya a tsakanin ƙafafunki bai yi miki hira ba. Sunan Tahi bai mutu ba, har ta gama SS3 da shi ake kiranta, amma ya koma sunan da ake ƙwala mata daga nesa don ana nemanta. Zuwan kilinik bai tsaya rana ɗaya ba, sai da aka ci zango ɗaya da rabi kafin matiron da kanta ta ce min kwana biyu ban ga mutuniyarki ba.

Kada in sa ki ɗauka kullum haka ake dacewa. Akwai wata da muka yi duk wannan, ƙawa, siniya, muka sa ta a ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS har da musabaƙa, amma abin ya riga ya yi nisa, ba ta barci, ta rame, sai da iyayen suka kai ta ɓangaren masu taɓin ƙwaƙwalwa aka ɗora ta kan magani da zaman tattaunawa sannan ta dawo daidai, yanzu haka tana jami'a. Shi ya sa nake cewa ki sa ido. In ya kai sati biyu ba ta barci ko ba ta ci, ta daina wanka da kwalliyar da ta saba, ko kin ga yanka a hannunta, ko ta furta irin su gara in mutu ko ni nauyi ce a kanku, to kar ki jira hutu, ki ɗauko ta, ki kwashe fiya-fiya da duk wani maganin ƙwari da ƙwayoyi daga inda hannunta zai kai, ki kai ta asibiti. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a asibitin Malam Aminu Kano, akwai Dawanau, akwai Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin hauka. Kuma ki tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tunanin cutar da kanta, tambayar ba ta sa wa yaro tunanin, sai ma ta ba shi ƙofar magana. Maganar kaka kuma, addu'a da tofi ai kullum muna yi ba mai hanawa, a haɗa da asibiti, amma duk wanda zai ce zai dake ta da sunan fitar da aljani kar ki bari ya kusance ta.

Masu cewa a cire ta kawai, zai iya zama daidai in makarantar ta nuna ba ruwanta, sai dai ki tuna canjin makaranta ne ya fara jawo wannan, kuma tana JSS3 ga jarrabawa a gaba, in kika kai ta wani wuri tsakiyar shekara za ta sake zama ta sha ɗaya a teburin mutum goma. Ni da ni ce, zan fara zuwa makarantar ba ranar bisitin ba, ranar aiki, in nemi fom mistires ɗinta ba firinsifal ba, in tambaye ta da wa yarinyata take zama, da wa take zuwa famfo. In ta kasa amsawa kar ki yi faɗa, wataƙila ita ma 80 ne a gabanta, ki roƙe ta ta lura na sati biyu ku yi musayar lamba. Ki gaya mata abin da yarinyar ta iya wanda ba ya cikin rifot kad, ko ƙira'a ce ko zane ko gudu ko girki.

Ita kuma yarinyar ki bar tambayarta ya karatu. Ku zauna kuna tsince shinkafa ko kina mata tsifa, ba ido cikin ido ba, ki ce in ba ki da lafiya wa ke karɓo miki abinci? Wa ke ajiye miki wuri a layin wanka? Wane malami ne ya san sunanki? Sai ki yi shiru ki jira, ko da shirun ya yi tsawo kar ki cike mata shi. In ta kira suna ko ɗaya ne ki riƙe sunan, ranar bisitin ki zuba dambun nama da cincin kashi biyu ki ce wannan na wance ne, ki sa a kira miki ita ku gaisa. In kuma ta sunkuyar da kai ba ta kira kowa ba, ki min magana ta inbos in rubuta miki abin da za ki ce wa malamar tata.