Ɗana ya iya zance, amma yana ɓata a hanya

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 12 ne, gwaji ya tabbatar yana da ciwon Wiliyams. Bakinsa ras, ba ya manta fuska, amma ko a makaranta sai ya ɓace tsakanin aji da banɗaki. Babansa ya ce sakarci ne, a ƙyale shi ya riƙa tafiya shi kaɗai zai koya. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Sannu 'yar uwa, Allah ya raya shi. Abin da kike gani daga ciwon yake, ciwo ne da ake haihuwar yaro da shi. Ƙwayoyin gado kusan 26 da suka ɓace a kan kuromosom na 7 (kuromosom zare ne a ƙwayoyin jiki mai ɗauke da ƙwayoyin gado) sun taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai auna nisa, kusurwa da hagu da dama, harshe da gane fuska kuwa suka fi tsira. A binciken da masaniyar kimiyya Barbara Landau da abokan aikinta suka wallafa a 2010, an ɓoye abu a kusurwar ɗaki, aka rufe idanun masu ciwon Wiliyams, aka jujjuya su, sannan aka ce su nemo shi. Tsawo da faɗin ɗakin ba su taimake su ba. Da aka mayar da bango ɗaya shuɗi, da dama suka fi iya nemowa.

Maganar babansa kuwa, kullum sai na ji irinta, kuma tana ƙona mini rai. Daɗin bakin yaran nan shi ke yaudarar iyaye da malamai, a ce mai wannan zance ai da gangan yake yi. A tsawata masa, a dake shi, a tura shi aike wai don ya waye. Wallahi ɓata ba ya koya masa hanya, fargaba kawai yake ƙara masa, alhali dama ciwon na zuwa da yawan tsoro. Ga shi yaro ne da ba shi da ƙyuya, duk baƙon da ya yi masa murmushi zai bi. Wa zai sake irin wannan yaro a titi? Masu tallan maganin "buɗe ƙwaƙwalwa" su ma ki guje su. Wasu haɗin na ɗauke da bitamin D da kalsiyam, kuma kalsiyam na iya yi wa masu wannan ciwo yawa a jini.

Ki zaɓi hanya ɗaya, ku bi ta tare har ta zauna. Ku riƙa ambaton alamomi da baki, waɗanda ba sa motsi: ƙofa ja, babbar bishiya. Kada ku yanke hanya, domin a nan yake rikicewa. Ki sa masa kati mai lambar wayarki a aljihu, kuma ku zo asibiti da babansa, ya ji daga bakin likita.