Bangon gilashin da ake haɗawa a wurin gini, zai cinye min kuɗin wuta?

Tambaya: Salam Injiniya. Ina gina filaza hawa uku a Kano, gabanta na kallon yamma, ina so a yi mata bangon gilashi daga sama har ƙasa. Ɗan kwangila ya ce a haɗa shi a nan wurin ginin ya fi araha, amma wani ya ce kuɗin esi sai ya sa ni kuka. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Wanda ya yi maka maganar kuɗin esi bai yi ƙarya ba, amma ba haɗin ne babbar matsalarka ba, yamman nan ce. Ranar la'asar a watan Afrilu tana iya zuba kamar wat 600 a kan kowace murabba'in mita, gilashi fari falle ɗaya kuwa kusan kashi 80 cikin ɗari yake bari ya shige, to in gaban ya kai murabba'in mita 100 ka ga kilowat 48 na zafi kenan, wato aikin esi mai doki ɗaya da rabi wajen guda 13, tun kafin mutum ko ɗaya ya shigo fa. Gilashi mai falle biyu da shafin kare rana, wanda 'yan kasuwa ke kira Low-E, zai sauko da shi zuwa wajen kashi 30, esi biyar sun isa. Kar a ruɗe ka da mai duhu, shi shanye zafin yake yi ya dinga turo maka ciki.

Sai firam. Alminiyom ya fi gilashi ɗaukar zafi sau fiye da 100, ka dage a kawo mai tsinken roba a tsakiya wanda ke raba ƙarfen waje da na ciki.

Inda haɗin wurin gini ke cuta shi ne hannun ma'aikata. Yaro yana kan sikafol, ga hazo ga ƙura, ya ja robar gefe ta gaza a kusurwa ya cike da silikon a kan datti, bayan damina ɗaya ta ɓare, sanyin da ka saya da gas ɗin janareta yana zurarewa. Na sha sa hannu a kusurwa in ji iska na busowa wallahi. A haɗa taga ɗaya tukuna a feshe ta da tiyo a gabanka.

Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine ta Najeriya ta 2017 ma kashi 20 na bango ta ware wa gilashi, in ya wuce sai da inuwa. Ni dai da nawa ne, rabin gaban bulo zan yi, sauran in sa masa faifan inuwa a tsaye ta waje.